Suyar Ɗanyen Nama a Kasko: Abincin Daren da Lokaci Ya Ƙure

Duk wadda ta taso a gidan Bahaushe ta san suyar nama hanya ɗaya gare ta. A wanke, a zuba a tukunya da albasa da gishiri, a tafasa har ya yi laushi, a tsame, sannan a jefa cikin mai ya yi jawur. Haka ake suyar layya, haka ake ta suna, kuma ba ta da abin kushewa, tunda naman da ya sha irin wannan suya yakan yi makonni a kwalla bai canza ba. Lokaci kawai take ci. To, ga baƙo ya yi sallama bayan magariba, ko kuwa kin taso aiki, cunkoson Kabuga ya riƙe ki, ba ki sauka Rijiyar Zaki ba sai da aka fara kiran isha'i, yara sun zuba miki ido. Ina kika ga awa ɗaya da rabi da za ki ba tukunya? A irin wannan dare ne suyar da zan yi bayani take da rana. Ɗanyen nama ne za a yanka ƙanana, ya sha kayan haɗi, a zuba a kasko mai zafi ba tare da an tafasa ba, kafin ruwan shayi ya yi an sauke.

Ni ma ba da ita na tashi ba. A waya na fara ganinta, wata Baturiya ta watsa gutsattsarin nama a kasko, ta juya sau biyu, ta yanka guda da gefen cokali kamar dafaffen dankali. Washegari na aiki yaro ya sayo rabin kilo, na kwaɓa shi da duk abin da ke cikin kabad, na juye gaba ɗaya a ɗan kaskon da nake soya ƙwai. Ba a yi minti biyu ba ruwa ya taso ya rufe naman, kumfa ta hau kai, launinsa ya koma toka-toka. Na yi ta jira ruwan ya tsotse. Da ya tsotse, abin da ya rage a kaskon sai ka ce an yanka igiyar guga. Maigida ya ci uku bai ce uffan ba, ya aika a kawo masa tsinken sakace. Surukata kuwa, da yake ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, ta ɗaga guda ta duba ta ce, “'Yar nan, ai wannan naman bai ga wuta ba, wanka ya yi.” Na daɗe ina jin haushin maganar, sai daga baya na gane duk karatun suyar nan yana cikinta.

Abin da ban sani ba a ranar shi ne naman Baturiyar da nawa ba ɗaya ba ne. A Amurka da Turai yawancin shanun yanka ba sa wuce shekara biyu zuwa biyu da rabi, da yawa a killace ake turka su da hatsi, kuma bayan yanka sai a ajiye naman a ɗakin sanyi mako ɗaya zuwa uku ya saki jiki kafin ya isa kanti. Namu fa? Farin sa ne na Fulani, ko bokolo, ko jan rahaji, wanda ya yi shekaru yana taka daji, wani ma ya ja garma da amalanke damina da yawa kafin mai shi ya kai shi kasuwar Wudil ranar Juma'a ko Dambatta ranar Lahadi. A yanka shi da asuba a abbatuwa, kafin hantsi yana kan teburin mahauci a bakin titin Gwarzo. A bakina ya fi nasu ɗanɗano nesa ba kusa ba, amma jijiyarsa ta yi ƙwari. Ga kuma wani abu: awanni kaɗan bayan yanka tsoka takan sanƙare, ba ta kuma fara saki sai ta kwana ta wuni. Wato naman da kika saya da la'asar kin same shi ne daidai lokacin da ya fi tauri. Iyayenmu da ke rataye ragon layya ya kwana kafin a yi aikinsa sun daɗe da sanin haka. In kina da firji kuma akwai wuta, ki sayi nama yau, ya kwana a ɓangaren sanyi, ba na ƙanƙara ba, ki soya gobe. In babu, to nauyin ya koma kan zaɓen tsoka da kan wuƙarki.

Wajen mahauci

Kada ki miƙa wa yaro kuɗi ki ce “a sayo nama”. Kashi zai dawo da shi, an haɗa tsoka da jijiya da ɗan ƙashi da tantaƙwashi, an sassara yadda wuƙa ta faɗa. Wannan na miya ne. Ki je da kanki, ko ki tura wanda zai iya magana, kuma da safe, kafin ƙuda da rana su yi wa teburin yawa, kafin kuma masu gidajen abinci su kwashe na kirki.

Dattijon mahaucin da nake saye a wurinsa shi ya ba ni maganar da ta fi min duk bidiyoyin waya amfani. Na ce, “Baba, wanne ne mai laushi?” Ya ce, “Hajiya, ki bar tambayar mai laushi, kowa zai ce miki nasa ne. Ki ce a ba ki irin wanda ake ware wa masu tsire.” Gaskiyarsa. Buƙatar mai tsire irin taki ce: tsoka zalla wadda za ta gasu cikin ɗan lokaci ba ta gagari haƙori ba. Ƙa'idar kuwa mai sauƙi ce, duk tsokar da ta fi wahala a jikin sa ita ta fi tauri. Mafi laushi ita ce doguwar tsokar da ke kwance ta cikin ciki, jikin ƙashin baya, wadda mahautan birni ke kira filet. Biyu ce kacal a jikin sa, don haka tana da tsada kuma ba ta kai azahar. Bayanta sai tsokar gadon baya, wadda ke bin ƙashin baya ta sama hagu da dama. Sai tsokar cikin cinya, wadda ita ce za ki fi samu kullum, kuma tana yi in kin yanka ta da kyau. Ƙwauri da wuya da ƙirji da karfata ki bar wa farfesu. In kuma cinyar rago ko ta ɗan akuya kika samu, kin huta, sun fi naman sa saurin ba da kai.

Ki ce masa, “Guda nake so, kada ka sara min.” Zai kalle ki, don ba a saba ba, amma ki nace. Kafin ya ƙulle a leda ki sa ya tsaga ki duba cikin tsokar. In kin ga wasu fararen ƙwayoyi a nitse cikinta kamar ƙwayar shinkafa, ki bar masa abinsa, 'ya'yan tsila ne. In yana da tozo, ki roƙi ɗan yanki na kitsensa, zai yi miki amfani a kasko.

Da kin dawo gida ki wanke shi yana guda. Na san littattafan Turawa suna hana wanke nama, amma nasu bai sha ƙurar titi da ɓarɓashin ƙashi ba. Ki wanke, ki tsane shi da tsumma mai tsabta har ya daina sheƙin ruwa, sannan ki wanke robar da hannunki da sabulu kafin ki taɓa tumatir ko kabeji. Ki fere farin tantanin da ke jikinsa gaba ɗaya, don in ya ji wuta shi ne yake takurewa ya nannaɗe naman.

Yanzu ki kawo shi kusa da haske ki dube shi. Za ki ga zare-zare sun miƙe sun fuskanci gefe ɗaya, kamar rake in an ɓare shi. Ki sa wuƙa ki datse zaren nan a gicciye. In kin bi tsawonsa, haƙori ne zai yi aikin da wuƙa ta ƙi yi. Filet da gadon baya a yanka su kamar girman dabino, kaurin kada ya wuce santimita 2. Cinya kuwa a fere ta fale-fale kamar ta tsire, kaurin rabin santimita. In kina shakkar laushinta, ki shimfiɗa a katako ki ɗan bubbuga da gindin kwalba ko ƙaramar taɓarya. Ki yi ƙoƙari girman ya zo ɗaya, don kada wani ya ƙone wani bai nuna ba. Wuƙar da ta dakushe ba za ta yi wannan aiki ba, in mai washi ya wuce layinku ki tsayar da shi.

Kayan haɗi

Ga ma'aunin rabin kilo, wanda zai ishi mutum uku ko huɗu. Ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, tafarnuwa sala uku ko huɗu, masoro rabin ƙaramin cokali, kanumfari ƙwaya biyu, kimba rabin sili a cire 'ya'yan don suna da ɗaci, garin barkono gwargwadon bakin gidanki. A daka su lukui. A goga rabin albasa a matse ruwanta a kai, tuƙar a ajiye don miya. A sa gishiri rabin ƙaramin cokali da dunƙule ɗaya, ko gishiri cokali ɗaya cif in ba a son dunƙule. Man gyaɗa babban cokali biyu, sai ruwan rabin lemon tsami. A zuba naman a murza da hannu sosai, minti ɗaya ko biyu, har kowane yanki ya samu. A rufe, a ba shi minti 30.

Ana yawan cewa a bar nama ya kwana don haɗin ya ratsa shi har ciki. Ki yanka naman da ya kwana a haɗi ki gani da idonki: launin bai wuce bayansa ba. Gishiri ne kaɗai ke da hanyar shiga can ciki, su citta da tafarnuwa da masoro a baki-baki suke tsayawa. Shi ya sa masu kilishi suke fere nama kamar takarda kafin su tsoma shi a labu, shi ya sa tsire ma fale-fale ne. Ƙanƙantar yanka ce ke sa ɗanɗano ya cika baki, don haka rabin awa ta wadatar. Ko minti 15 kika samu, kada ki fasa.

Lemon tsami kuma a yi hattara da shi. Kaɗan yana tayar da ɗanɗano, da yawa yana dafa bayan naman tun bai hau wuta ba, ya yi fari, in an soya ya zama gari-gari a baki alhali cikin yana nan da taurinsa. In so kike ki haɗa tun safe ki sa a firji har dare, ki bar lemon, ki sa kindirmo babban cokali biyu. Tsaminsa a hankali yake aiki, kuma yana sa nama ya yi ja mai kyau. Mutanen Indiya da Pakistan da shi suke tsuma naman gashinsu.

Idan naman tsohon sa ne wanda kin san sai da taimako, magani yana bayan gida. Farin ruwan nan mai kama da madara da ke fita in an tsaga ɗanyar gwanda, shi ne ke ɗauke da sinadarin da kamfanoni ke sarrafawa su sayar a matsayin garin tausasa nama. Ki goga ɗanyar gwanda da ɓawonta babban cokali ɗaya ki cuɗa cikin haɗin, ko ki murje ganyenta ki naɗe naman a ciki. Amma ki sa ido a agogo, minti 20 zuwa 30. Na taɓa mantawa da shi awa biyu ina hira da maƙwabciya ta kan katanga, da na dawo ya dame kamar hantar da aka markaɗa, ba ya ko ɗaukuwa da cokali. Ɗanyar abarba ma haka take, har ta fi gwanda rashin haƙuri. Ita ma ɗanyar citta, irin wadda ake kawowa daga Kachiya da Kafanchan, tana da nata sinadarin tausasawa mai sauƙi, abin da ya sa na fi son ta a nan a kan busasshiya.

Masu girkin Sin kuma da bekin soda suke yi: rabin ƙaramin cokali a rabin kilo na naman da aka fere, minti 15, a ɗauraye tas, a tsane, sannan a sa kayan haɗi. Dangin kanwarmu ce, sai dai ita sodar tana aunuwa, kanwa kuwa wata ta fi wata ƙarfi, in ta yi yawa nama ya yi santsi da ɗanɗanon sabulu. Abin da ba za ki taɓa yarda ya shiga tukunyarki ba shi ne farasitamol, wanda wasu masu sayar da abinci ke jefawa don nama ya yi saurin laushi. Hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi a kansa, yana illa ga hanta da ƙoda.

Sai maganar zafin gari. Daga Maris zuwa Mayu Kano takan taɓa digiri 40, kuma ɗanyen nama ba ya jure wannan. Ƙa'idar masana tsabtar abinci ita ce kada ya wuce awa biyu a waje, in kuma zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya. Rabin awar da na ce tana cikin iyaka. In za ki wuce haka kuma an ɗauke wuta, ki sayi ƙanƙara ki sa robar a kula. Ruwan haɗin da ya rage a roba ɗanyen nama ya kwanta a ciki, ko dai ya tafasa a kasko ko ya tafi kwata.

Kasko da wuta

Nan ne na faɗi a karon farko, nan ne kuma mafi yawa ke faɗuwa. Kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen nama ruwa ne. Ruwa kuma duk wutar da kika ba shi ba ya wuce digiri 100, sai dai ya yi ta tafasa. Jan nan da ƙamshin nan da ke tsayar da mutum a gaban tukubar mai tsire ba sa samuwa da sauri sai bayan naman ya kai wajen digiri 140. Wani likita Bafaranshe mai suna Louis Maillard ne ya fara bayyana yadda abin ke faruwa a 1912, har yau kuma da sunansa ake kiran wannan sauyi. Ma'anarsa gare ki ita ce, muddin akwai ruwa kwance a kaskonki, dahuwa kike yi. In kin juye rabin kilo lokaci ɗaya, kaskon zai huce nan take, naman ya saki ruwansa, ruwan ya rasa zafin da zai ƙone shi, sai wankan da surukata ta faɗa.

Don haka ki nemi kasko mai kauri da nauyi, wanda in ya ɗauki zafi ba ya saki. Na baƙin ƙarfe ya fi, sai irin na alminiyam mai kauri da maƙeranmu ke zubawa. Ɗan siririn nan mai baƙin shafe da aka saka miki a kayan ɗaki ki bar shi da ƙwai, ba ya riƙe zafi, kuma shafen nasa ba ya son a ƙona shi ba komai a ciki. Wuta kuwa, in gas ne a ƙure shi. In kurfoti ne, a bari gawayin ya ruru ya yi ja ba hayaƙi, ni ma shi na fi so, don zafinsa ba ya yin ƙasa da sama. Risho ba shi da ƙarfi, sai a rage yawan abin da ake zubawa. 'Yan uwanmu na ƙauyukan bayanmu a ƙasar Ungogo, masu girki da kara bayan kaka, su haɗa da itace ko biyu ne, don kara yana tashi fuu ya mutu, suyar nan kuma tana son wuta mai tsayawa.

Kafin ki ɗora kasko, komai ya zama yana gefenki: albasa babba ɗaya an yanka, tattasai biyu, attaruhu ɗaya ko biyu an jajjaga, ruwa rubu'in kofi, faranti mai murfi. Ba a fafe gora ranar tafiya, in nama ya hau wuta ba ki da sararin neman wuƙa. Ki tsamo naman daga haɗin, ki sharce tuƙar tafarnuwa da citta da ta manne masa, don ita ke fara ƙonewa ta yi ɗaci. In yana ɗigar ruwa ki ɗan dangwala shi da tsumma.

Ki ɗora kaskon ba komai, minti biyu zuwa uku. Ki yarfa ɗigon ruwa: in ya tsaya yana tafasa, da saura; in ya dunƙule yana gudu kamar ƙwallo, ya yi. Ki zuba man gyaɗa babban cokali ɗaya, ko ki jefa kitsen tozon nan ya narke. Man ƙuli na gida ya fi ƙamshi, amma yana saurin kumfa da hayaƙi, sai ki ɗan sassauta masa. Bota ta kanti ƙonewa take yi, manja kuma ba wurinsa ba ne.

Ki jera naman ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ratar yatsa tsakaninsa da ɗan uwansa. Rabin kilo a matsakaicin kasko zubi uku ne. Kunnenki ne alƙali: ƙara mai kaifi, “caaa”, ita ake so. In ta koma “ɓul-ɓul”, kin cika, ki kwashe rabi ki jira.

Daga nan sai abu mafi wuya ga macen da ta saba da juya miya: ki cire hannunki. Kada ki taɓa. Da farko naman zai kama kasko kamar ba zai saki ba, in kin ja shi za ki yage jan ki bar shi a ƙasa. Ki ba shi minti ɗaya da rabi zuwa biyu, da ya yi ja da kansa zai saki. Ki juya kowanne, ki ƙara masa kamar haka. Na cinya da aka fere minti ɗaya kowane gefe ya ishe shi. Ki kwashe a faranti ki ɗora murfi sama-sama, ki bar kaskon ya sake ɗaukar zafi rabin minti, ki ƙara ɗan mai, ki jera zubi na biyu. In kin ga baƙin ɓarɓashi a ƙasa ki share da tsumma, amma jan da ya manne ki bar shi, dukiya ce. Ki buɗe taga, don hayaƙi dole ne, kuma ki kori yara daga bakin murhu saboda fallatsin mai.

Da zubi na ƙarshe ya sauka, ki rage wuta, ki zuba albasa da tattasai da attaruhu, minti biyu, su yi laushi amma da sauran ƙarfinsu. Ki zuba ruwan nan rubu'in kofi ki kankare ƙanzon da ludayin katako, za ki ga ya narke ya zama ɗan romo mai kauri launin zuma. Ki maido naman tare da ruwan da ya tara a faranti, ki juya minti ɗaya, ki sa soyayyen man shanu ƙaramin cokali, ki sauke. Yajin ƙuli sai an sauke ake barbaɗawa. In kin sa shi tun a haɗi ko a kan wuta, garin ƙulin zai ƙone kafin naman ya nuna.

Ya nuna ko bai nuna ba?

Turawa suna cin irin wannan nama da ja a tsakiya. Ɗan jan ruwan da ke fita ba jini ba ne, jini ya tafi tun wajen yanka, ruwan tsoka ne mai launi. Duk da haka ban ba ki shawarar ki kwaikwaye su ba. Ba kowane nama ne likitan dabbobi ya duba ba, kuma 'ya'yan tsila wuta ce ke kashe su. Hukumar aikin gona ta Amurka ta sa ma'aunin digiri 63 a tsakiyar nama tare da hutun minti uku bayan saukewa. Tunda ba kowa ke da abin aunawa ba, ki ɗauki mafi girma ki tsaga: kada ki ga ɗanyen ja mai sheƙi, amma ya kasance da danshi. Mai ciki da ƙananan yara da tsofaffi a ƙara wa nasu minti ɗaya. Amfanin yanka ƙanana ke nan, cikin yana nuna kafin bayan ya bushe.

Kada kuma tsoro ya sa ki wuce gona da iri. Naman da ya yi minti goma a kasko mai zafi ya matse ruwansa ya ƙandare, kuma ƙarin suya ba ya gyara shi. In hakan ta faru, ko kuma kin ɗanɗana kin ji mahauci ya cuce ki, kada ki zubar. Ki zuba ruwa kofi biyu da markaɗen tumatir, ki rufe, ki rage wuta minti 45, ya zama miya. A daren a ci wani abu.

Abin ci da shi kuwa ba ya wahala a Kano. Ni gurasa na fi so, a ɗan yayyafa mata ruwa a ɗumama a kaskon da aka gama suya ta tsotse abin da ya rage, a tsaga a cusa naman da yankakken kabeji da tumatir da kokwamba. Yana tafiya da ragowar farar shinkafar rana, da taliya, da soyayyen dankalin Hausa, da sinasir, ko burodi da shayi. Da yake kuɗin nama yanzu sai a hankali, in bakin ya kai shida ki ninka albasa da tattasai, ki ƙara karas da koren wake, rabin kilon zai zagaya ba wanda zai yi ƙorafi. Ɗaliban Jami'ar Bayero da ke haya a Rijiyar Zaki, da tuzurai masu ƙaramin gas a lungun ɗaki, ku ma da ku nake: rubu'in kilo, zubi biyu, ku ɗora a kan Indomie, ya fi muku zaryar wajen mai shayi kullum.

Kaskon ƙarfe in an gama a wanke shi da ruwan zafi, a mayar kan wuta ya bushe, a shafa masa ɗigon mai, in ba haka ba tsatsa za ki tarar.

Abu ɗaya da kada ki manta: wannan ba suyar ajiya ba ce. Danshin da ya sa ta daɗi shi ne ke sa ta saurin lalacewa. A cinye a daren. In ya rage kuma akwai wuta, ya shiga firji kafin awa biyu, gobe a ɗumama shi ya yi zafi sosai a ƙarar. In babu wuta, ki zuba a kwano ki miƙa wa maƙwabta tun da ɗuminsa.